Baba Hussaini, Wanda Ya Ɓare Simintin Masallacin Kwarin Gawo

Duk mai bi ta Ƙofar Sauri da sassafe ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dattijo ne siriri, baƙi, yana jan ƙafar dama, yana dogara sanda. In an idar da Asuba ba ya zaman hira. Sai ya bi lungu a hankali yana shafa bangon gidajen mutane da tafin hannunsa na hagu. In katangar bulo ce, ko kallo ba ta ishe shi ba. In ta ƙasa ce sai ya tsaya, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kara kunne. Wani lokaci ya yi sallama daga zaure ya ce, "A hwaɗa wa maigida indararon ga ya toshe. In bai buɗe shi ba kahin ruwa, soron nan zai sha." Ba wanda ya sa shi. Wasu su gode, wasu su ce tsohon ya fara ruɗewa. Daga nan ya koma ƙofar ɗakin da yake haya, 'yarsa Halimatus Sa'adiyya ta miƙo masa koko, ya zauna a kan buhu har rana ta kore shi.

Sunansa Hussaini. Magini ne, ɗan magini. Shekara arba'in da shida yana riƙe da tsohon masallacin ƙauyenmu, Kwarin Gawo. Bara ya ajiye aiki, ba don ya so ba. Ba a yi masa taro ba, ba wanda ya hau mumbari ya ambaci sunansa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ni direban tifa ne, karatuna bai yi nisa ba, kuma ban iya kwana-kwana ba. Abin da na gani zan faɗa, da abin da waɗanda suka gani suka faɗa mini.

Kwarin Gawo na yamma da birni, tafiyar kamar minti arba'in a kan babur. Masallacin na ƙasa ne tun daga tushe har rufi. Ba wanda ya san shekarar da aka gina shi. Liman Usman, wanda ke jan sallah a can yanzu, yana iya jero sunayen limamai goma sha tara da suka gabace shi, kuma ya ce akwai waɗanda sunansu ya ɓace. Kaurin bangon, in babban mutum ya miƙe hannu ɗaya ba zai kai ƙarshensa ba. Ƙofar gajera ce, mai kuɗi da talaka duk sai sun sunkuya. Ginshiƙai huɗu ne a ciki, azarar rufin ta yi baƙi ƙirin saboda hayaƙin fitilun mutanen da. Ko ana tsakiyar bazara, ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka. A ƙofarsa aka raɗa wa kowannenmu suna, a nan aka ɗaura auren iyayenmu, a bayansa kuma suke kwance.

Ginin ƙasa ba a gama shi. Kowace shekara, in zafi ya kai maƙura, kafin ruwan farko, sai a kira gayya. Maza su haƙo ƙasa a kududdufi, a zuba ciyawa, a taka, a rufe ta kwana bakwai har ta ruɓe ta fara wari. Mata su jiƙa ɓawon ɗorawa, su tace jan ruwan nan da ake kira makuba, wanda ke hana ruwan sama cin bango. Sannan Hussaini ya hau tsani. Ba ya riƙe cokalin gini, da tafin hannu yake yaɓe, yadda ubansa ya koya masa. Bangon gabas sau biyu yake bin sa, don daga gabas hadari ke tasowa, kuma a jikinsa liman ke tsayawa.

Haka ake yi har shekara tara da ta wuce, lokacin da 'yan bindiga suka shigo mana sau uku a damina ɗaya. Mutum goma sha ɗaya muka binne. Cikinsu har da Aliyu, babban ɗan Hussaini, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda shi kaɗai ne ya tsaya ya koyi aikin. A gonarsa suka same shi. Gari ya watse. Muka kwararo birni, wasu Ƙofar Sauri, wasu Ƙofar Kaura, wasu Ƙofar Durɓi. Manoman jiya suka koma 'yan acaɓa da 'yan ga-ruwa da leburori. Gida tara kacal suka rage a can, tsofaffi ne da suka ce su ba inda za su, tun da masallacinsu na tsaye.

Gayya ta mutu. Hussaini bai bari ba. Duk bazara sai ya ɗaure kayansa ya hau babur ya koma. Shekarar farko mutum ashirin suka bi shi. Ta biyu, bakwai. Daga ta uku har ta biyar, shi da tsofaffin nan ne kawai, su jawo masa ruwa, shi ya taka, shi ya ɗauka, shi ya hau.

Sai Alhaji Mudassir ya shigo maganar. Ɗan garinmu ne, hatsi yake saye da sayarwa, Allah ya buɗa masa. Kada wani ya karanta wannan ya ce na zage shi. Mutumin kirki ne, ya ciyar da mutanenmu da yawa a shekarar gudun hijira. Tausayi ne ya kama shi. Ya tara mu a ƙofar gidansa a Ƙofar Kaura bayan La'asar, ya ce ya yi niyyar sadaka: zai sa a shafe masallacin duka da siminti, ciki da waje, a yi fenti.

Ya dubi Hussaini ya ce, "Baba, shekara nawa za ka yi kana hawan tsani a kan hanyar da ba ta da tabbas? A yi shi sau ɗaya a huta."

Aka yi kabbara. Hussaini na zaune a gefen tabarma, bai ɗaga kai ba. Da aka yi shiru sai ya ce, "Alhaji, Allah ya ba da lada. Amma ƙasa numfashi take. Da damina ta sha, da rani ta hitar. In ka ruhe ta da siminti, ruwa zai samu inda zai shiga, ta tsaga ko ta tushe. Inda zai hita ne ba zai samu ba."

Wani daga baya ya ce, "Ashe bango na numfashi! To Baba, in ya kama tari sai mu kai shi asibiti."

Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, har da buga cinya. Wani kuma ya faɗa ƙasa-ƙasa, amma yadda kowa zai ji, cewa tsohon tsoro yake a raba shi da sana'arsa. Liman Usman ya gyara zama ya ce, "Malam Hussaini, bawan Allah ya kawo alheri don ɗakin Allah. Ba a mayar wa mutum alherinsa."

Hussaini ya tashi ya kakkaɓe riga. Ya ce, "Na ji, Liman. Ku yi. Hannuna dai ba zai taɓa ba."

A motata aka ɗauki simintin. Sawu biyu na yi. Cikin kwana goma sha biyu aka gama, aka shafa fari, aka ja kore a gindi. Gaskiya ya yi kyau. Hotonsa ya zagaya wayoyinmu, masu zaman haya a ɗaki ɗaya suna nuna wa maƙwabtansu na birni, suna cewa ga masallacin garinmu. Shekara biyu ba wanda ya nemi Hussaini. Shi kuwa bai daina zuwa ba. Duk wata sai ya je ya yi sallah, ya zagaya ginin, ya dawo bai ce wa kowa komai ba.

A rani na uku ya ƙwanƙwasa bangon gabas, ya ji amon da ya daɗe yana tsoro, kamar ka bugi ƙwaryar da ba komai a ciki. Ya faɗa wa Liman. Liman ya duba, ya ga fari fes ba ko tsaga babba, ya ce ya kwantar da hankalinsa. Hussaini ya je wurin Alhaji Mudassir. Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Baba, har yanzu maganar nan ba ta wuce ba?"

Washegari ya ɗauki guduma ya tafi shi kaɗai.

Da hantsi wayata ta yi ƙara. Ɗaya daga cikin tsofaffin ne, wai Hussaini ya haukace yana fasa masallaci. Muka cika gaban tifa da bayanta, da Alhaji, da Liman wanda ya shigo birni ganin likita, da wasu kamar goma. Ba zan ɓoye ba, da niyyar ɗaure shi muka tafi.

Muka same shi zaune a gindin bangon gabas, gudumar na gefensa. Ya huda simintin, faɗin faifai. Bai tashi ba, bai gaishe mu ba.

Alhaji ya ce, "Baba, mi na yi maka? Sadakar tawa ce ba ka so ta kai ni lahira?"

Ya ce, "Naɗe hannun rigarka, Alhaji. Sa hannunka nan."

Alhaji ya tsaya yana huci, sannan ya naɗe ya tura. Hannun ya shige har gwiwa ba abin da ya tare shi. Ya zaro shi da baƙin caɓi yana ɗiga, gara na yawo a kai, wari ya bugi kowa. Wata biyar ke nan ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Liman ne ya fara salati a hankali.

Hussaini ya nuna da haɓa. "Daga nan har inda Liman ke tsayawa, haka yake. Simintin kaɗai ke tsaye, bango ya tahi. Ran da ya gaji, kan sahun hwarko zai kwanta."

Bai ce ai na faɗa muku ba. Ban taɓa jin ya faɗa ba har yau. Da ya faɗa, da ya fi mana sauƙi.

Mako bakwai ya rage ruwa ya sauka. Kuma ba a ɓare simintin lokaci ɗaya, in an yi haka rufin zai biyo baya. Sai ya tokare rufin daga ciki da azara. Ya ɓare kamu ɗaya, ya kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasar, ya bar wurin ya sha iska, ya cike da sabon tubali, sannan ya koma can ɗaya ƙarshen ya ɓare wani kamun. Aikin mutum talatin ne. Alhaji ya turo leburori takwas. Kwana uku suka yi, aka tare wata mota a kan hanyar aka tafi da mutane, suka tattara suka dawo. Ban ga laifinsu ba, kowa da iyalinsa.

Halimatus Sa'adiyya ta hau babur ta same shi a can. Sunan mahaifiyarsa gare ta, Uwata yake kiran ta. Tsofaffin da ke wurin sun ji abin da suka faɗa.

Ta ce, "Baba, Yaya Aliyu bai isa ba? Sai an kawo mani gawarka kai ma?"

Ya ce, "Uwata, in na sauka, bana masallacin zai kwanta. In ya kwanta, gidajen nan tara za su taso. Daga ranar babu Kwarin Gawo, sai kabarin uwarki a daji, shanu na bi ta kai."

Ta ce, "To waɗanda suka yi maka dariya su zo su yi mana."

Ya ce, "Ba su iya ba."

Ta juya baya ta yi kukanta. Da ta gama sai ta ɗaure zane, ta tambayi inda ɓawon ɗorawar yake. Ba ta koma birni ba sai da aka gama. Ita ta jiƙa makuba, ita ta jawo ruwa har igiyar guga ta tsaga mata tafin hannu.

A mako na biyar saura kamu ɗaya, wanda ke dab da wurin liman. Da rana tsaka ne, bayan Azahar. Yana kan tsani ya buga guduma, sai wani falle na siminti kamar ƙyauren ɗaki ya ɓalle da jiƙaƙƙiyar ƙasa a bayansa, ya kwashe tsanin, ya danne shi. Liman Usman da tsofaffi uku suka hau tono da hannu. Liman ya rantse mini da Allah cewa da suka buɗe fuskarsa, bakinsa cike da ƙasa, abin da ya fara cewa shi ne, "Ku bar ni tukuna. Azarar can ta goce, ku tokare ta." Suka ƙi. Ya daka musu tsawa. Suka je suka tokare, sannan suka dawo suka zaro shi.

Ƙugunsa ya karye, hannun dama ya farfashe. Ni na ɗauko shi zuwa asibiti, a kan katifa a bayan mota, duk ramin da na faɗa ina jin nishinsa ta gilashi. Kwana tara ya yi a kwance. Ran na goma ya ga hadari ta taga, ya ce a mayar da shi. Likita ya ce ba da yawunsa ba. Hussaini ya ce ya ji, ya gode.

Muka shimfiɗa shi a inuwar ginin. Ramin na nan a buɗe, mutum zai iya shiga a tsaye. Mu huɗu ne: Liman mai shekara saba'in, da Halimatus Sa'adiyya, da ni, da Alhaji Mudassir, wanda ya tuɓe babbar riga ya naɗe wando ya shiga cikin laka. Bai taɓa yi ba tun yana yaro, sai tsalle-tsalle yake.

Daga kwance Hussaini ya ce, "Alhaji, ba rawa aka ce ka yi ba. Da diddige ake takawa."

Alhaji ya ce, "Baba, ƙahwata ta saba da takalmi."

Ya ce, "Ta saba da ƙasa kahin ta san takalmi. Taka."

Ni kuma duk tubalin da na ɗora sai ya ce, "Direba, wannan ba lodin yashi ba ne. Sauke, juya shi, ƙaramin kan ya kalli sama." Sai mu dunƙulo ƙasa mu kai masa, ya murza da hannun hagu, ya shinshina, ya ce a ƙara ruwa ko a ƙara ciyawa. Sau biyu ya sa muka rushe abin da muka yini muna yi. Na so in zage shi, na tuna dariyar da na yi, na haɗiye. Kwana biyar muka rufe ramin. Bayan kwana huɗu ruwan farko ya zo da iska mai tuge bishiya. Bangon bai motsa ba.

Wannan bara ne. Ƙugun ya ɗore a karkace. Hannun dama kuwa ba ya dunƙulewa, ko cokali ba ya riƙewa. Ba zai sake hawa tsani ba har abada, shi ma ya sani.

Baba Hussaini, magini ɗan magini. Kai ne aka yi wa dariya a bainar jama'a, ka tashi ba ka rama ba. Kai ne ka ɗauki guduma ka san za a ce ka haukace. Kai ne ka binne wanda zai gaje ka, ka koma kan tsani a bazarar da ta biyo. Mu muka yi ɓarnar, da kyakkyawar niyya da kabbara, kai ka biya da ƙugunka da hannunka. Ba mu taɓa tsayawa a gabanka mun ce ka yafe mana ba. To ga shi na rubuta, kowa ya gani: ka yafe mana. Mun gode. Allah ya gina maka a Aljanna abin da ba ya buƙatar yaɓe, ya jiƙan Aliyu, ya yi wa Uwata albarka.

Yanzu sai ku, 'yan Kwarin Gawo da ke cikin birnin nan, da duk wani mai tsohon masallacin ƙasa a ƙauyensu da ya baro. Bana Liman ya kira gayya, aka sanar Juma'a uku a jere. Mun haura mutum ɗari uku a Katsina. Goma sha ɗaya suka zo. Da ƙyar muka bi rufi da bangon gabas. Kudu da arewa har yanzu siminti ne a jikinsu. Mun ɗauki Baba mun zagaya da shi ya ƙwanƙwasa, ya ce amon arewa ya fara canzawa. Na tambaye shi saura nawa. Ya ce damina biyu, in Allah ya yi sassauci uku.

Na ce, "To Baba, ya za a yi?"

Ya ce, "Ni dai na gama. Ƙasa na nan, ɗorawa na nan. Hannu ne babu."

Ba a ce ku kawo komai ba. Ƙafa ake so da za ta taka, da hannu da zai yaɓa, da mutum biyu ko uku da za su zauna gaban tsohon nan su koya tun yana iya murza ƙasa ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Na san hanyar ba ta da kyau. Shi ma ya sani, ya bi ta shekara tara. Yana Ƙofar Sauri, ba shi da wuyar samu, kowace safiya yana zaune a ƙofar ɗakinsa. Da an sha sabuwar ɗorawa za mu fara tara ɓawo, in rani ya tsaya mu hau bangon arewa. Wanda zai zo ya zo. Wanda bai zo ba, ran da aka ce masa masallacin ya faɗi, kada ya zo mana jaje.